Kiɗan rawa na na'ura: in kunne ya ƙoshi, aiki ya tsaya

Daga Shikago zuwa Barlin, daga Durban zuwa Yamai, samari na haɗa kiɗan rawa cikin ɗakin kwanansu da kwamfuta ɗaya. Kayan aiki sun yi araha, amma kiɗa da yawa da aka fara da murna yana mutuwa cikin na'ura ba tare da kowa ya taka shi ba. Ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne yawan saurare.

Bari mu fara da ɗan lissafi, ya kai mai karatu. Irin kiɗan da Turawa ke kira house, wanda aka haifa a birnin Shikago na Amurka a farkon shekarun 1980, yakan yi bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Bugu huɗu ke yin awo ɗaya, awo takwas kuwa su ke yin ƴar gaɓar da mai haɗa kiɗa ya saba fara aiki da ita. In muka ɗauki bugu 120, tsawon gaɓar nan sakan 16 ne tak. Na'urar kuwa an shirya ta ne ta yadda in gaɓar ta kai ƙarshe sai ta koma farko da kanta, ba numfashi ba hutawa. Ke nan cikin awa ɗaya mutum ya ji ta sau 225. In ya yi awa huɗu a zaune, kamar daga azahar zuwa dab da magariba, ya ji ta sau 900.

Wanda aka yi kiɗan dominsa kuwa, wato mai rawa, sau ɗaya zai ji shi, cikin hayaniya, tsakanin kiɗan wani da na wani, kuma cikin minti ɗaya ya yanke hukunci: ko ya tashi, ko ya ci gaba da hira. Makaɗin kalangu bai san wannan matsala ba. Hannunsa na gajiya, kuma ƴan rawa na gabansa. Da ya ga ƙafafu sun yi sanyi sai ya juya kiɗa. Mai haɗa kiɗa da na'ura shi kaɗai ne cikin ɗaki, ƙofa a rufe, abin da ke kaɗa mishi kuma ba ya gajiya. Shi ne makaɗi, shi ne alƙali, kuma ma'auninsa ɗaya ne, kunne, wanda ke fara karkacewa tun aiki bai kai rabi ba.

Abin da maimaici ke yi ma ƙwaƙwalwa

A shekarar 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam na jami'ar Michigan, Robert Zajonc, ya buga sakamakon wani bincike da ya shahara. Ya riƙa nuna ma mutane kalmomin da ba su san ma'anarsu ba, da alamomi masu kama da rubutun ƙasar Sin, da hotunan fuskokin baƙi, waɗansu sau ɗaya, waɗansu har sau 25. Abin da aka fi nuna musu shi suka fi so, alhali babu abin da ya bambanta shi da sauran sai sabo. Binciken da ya biyo baya ya nuna haka abin yake game da sauti. Ga mai haɗa kiɗa wannan tarko ne babba. Amon da ya goce, ko gangar da ta danne kowa, a ji na farko za su soki kunnensa; a ji na ɗari sun zama ƴan gida, har in wani ya ce a gyara sai ya ji kamar za a ɓata mishi aiki. Masu aikin sitidiyo sun daɗe da sanin wannan ciwo: mawaƙi ya saba da gwajin farko da ya yi ta saurare a gida, a kawo mishi aikin da aka tsabtace ya ce bai kai na da ba.

Sabo yana da fuska ta biyu. Daniel Berlyne na jami'ar Toronto ya nuna a 1970 cewa son da maimaici ke haifarwa ba ya hawa har abada: yana kai wani tudu ya gangaro, kuma abin da ba shi da sarƙaƙiya shi ke saurin gundurar mutum. Kafin nan, a 1962, Leon Jakobovits na jami'ar McGill a Kanada ya yi nazarin yadda kalma ke zubar da ma'anarta in an yi ta nanata ta. Mai karatu na iya gwadawa yanzu: ya ce "tukunya" sau talatin a jere, zai ji ta koma amo kawai, babu tukunya babu miya. Gaɓar kiɗan rawa kuwa da gangan ake yin ta mai sauƙi, don jiki ya kama ta nan take. Saboda hakanan, amon da ya sa mai shi tsalle da safe, da la'asar sai ya ji shi lami. Daga nan ya fara ƙari: ga wata ganga, ga wani sautin sarewa, ga ado bisa ado, har abin da ya fara jan hankalinsa ya nutse. Ko kuwa ya rufe aikin ya buɗe sabo, wanda shi ma gobe hakanan zai ƙare.

Cuta biyu ke nan daga tushe ɗaya, kuma abin da ya fi muni shi ne mai aikin ba ya iya gane a wacce yake ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai turare a kasuwa ya san cewa bayan kwalba ta biyar hanci ba ya rarrabe kome.

Abin da ƙara ke yi ma kunne

Bayan gajiyar ƙwaƙwalwa akwai ta kunnen kansa. Tun a 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, injiniyoyin kamfanin tarho na Bell a Amurka, suka auna yadda kunnen mutum ke jin sautuka daban-daban. Sun gano cewa kunne ya fi kama sautin tsakiya, yankin da muryar mutum ta fi fitowa sarai, kuma in sauti ya yi ƙasa, amo mai kauri shi ke fara ɓacewa. In aka ƙara murya sai kaurin ya dawo, kome ya cika ya yi armashi. Shi ya sa kowane kiɗa ke yin kamar ya fi daɗi in an ƙure lasifika, shi ya sa kuma hannun mai haɗa kiɗa ke ta komawa ga maɓallin ƙarin murya ba tare da ya lura ba.

Kunnen da ya sha ƙara na awoyi yakan dushe na ɗan lokaci, musamman wajen jin siririn sauti. Mai aiki ya ji kamar kiɗansa ya yi duhu, sai ya ƙara mishi kaifi. Da safe, kunne ya huta, ya kunna ya ji abin na yanka kamar reza. In dushewar nan tana maimaituwa, watarana ba za ta tafi ba. Cikin kowane kunne akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi masu gashi, wajen dubu 16, su ke juya motsin iska ya zama ji, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babba na iya sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a sati ba tare da cutuwa ba, amma a desibel 90 awa huɗu ne kawai a sati. A 2022 hukumar ta yi gargaɗi cewa fiye da mutum biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda kiɗa mai ƙara. Wanda sana'arsa ke nan yana sahun gaba, balle in da abin sawa a kunne yake kwana yana aiki don kada ya tada mutanen gida.

Lokacin da kaset ke sa iyaka

Waɗanda suka kafa wannan kiɗa ba su fi na yau haƙuri ba. Kayan aikinsu ne ba su ba su damar yin dogon jinkiri ba. Larry Heard, wani ɗan Shikago da ya fara da kiɗan ganga cikin ƙungiyoyi, ya sayi sintetizer da na'urar ganga a 1984, kuma cikin ƴan kwanaki ya ɗauki kiɗa uku da har yau ake ji da su, ciki har da "Can You Feel It" wanda ya fito a 1986. Kamar yadda ya bayyana da bakinsa, rakoda biyu na kaset gare shi: ya ɗauki zubi na farko a ɗaya, ya juye shi cikin ɗayan yana ƙara abin da ya rage da hannu. Abin da ya hau zare ya hau. In yana son sauya ganga sai ya sake kome daga farko, kowane juyi kuma yana ƙara ma kaset shuu. Dole ya yanke shawara tun kunnensa na da sauran ɗanɗano.

Ko a nan gida muna da shaida. A 1978 Mamman Sani ya shiga sitidiyon gidan rediyon ƙasa a Yamai da orgensa na lantarki ƙirar Italiya, ya ɗauki kiɗansa zubi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Kaset kaɗan aka buga. Kiɗansa na natsuwa ne, ba na gidan rawa ba, amma hanyar aikin ɗaya ce da ta mutanen Shikago, kuma abin ya yi ƙarko: shekara da shekaru ƴan Nijar na jin sa tsakanin shirye-shiryen rediyo da na telebijin, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi ga duniya a 2013.

Sai kwamfuta ta zo ta cire iyakar. Cubase ya fito a Jamus a 1989. FruityLoops, wanda aka sake ma suna FL Studio a 2003, ya fito daga Beljik a ƙarshen shekarun 1990. Ableton Live ya fito daga Barlin a 2001. Alherinsu ba ya ƙidayuwa, don da irinsu ne yaron da ba shi da kuɗin sitidiyo ya samu murya. Da FruityLoops Hama, wani mai haɗa kiɗa na Yamai, ya shirya faifansa "Houmeissa" na 2019. Sai dai a cikinsu babu abin da ke bushewa. Kowane sauti ana iya komawa a taɓa shi ko bayan shekara, gangunan zaɓi dubbai ne, kuma kowane zaɓi sai an sake saurare kafin a yanke. Iyakar da kaset ke sawa a da, yanzu mai aiki ne zai sa ma kansa.

Tsarin aiki mai tattalin kunne

Masu gama aiki, duk da bambancin salonsu, sun haɗu a kan abu ɗaya: suna ɗaukar kowane saurare kamar kuɗin da ake kashewa daga jari ƙayyadadde. Daga nan sauran dabarun suka fito.

Ta farko ita ce raba aiki gida-gida. Neman sautuka da jera su aiki ne na ranar da babu ilhama. Ƙirƙirar amo aiki ne daban, shimfiɗa kiɗa daga farko zuwa ƙarshe daban, daidaita muryoyi, wato miksaj, shi ma daban. Dennis DeSantis, cikin littafin dabaru 74 da kamfanin Ableton ya buga mishi a 2015, ya kawo misalin mai dafa abinci da ke yanka kayan miya ya jera kafin ya ɗora tukunya. Wanda amo ya zo mishi sannan ya tsaya neman ganga cikin ɗari biyar, gaɓa na ta juyawa, kafin ya samu gangar ya riga ya ƙone amon. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa da yawa ke ajiye shimfiɗar aiki a shirye, da ganguna kaɗan da suka yarda da su, kome a mazauninsa, da an buɗe sai kiɗa.

Ta biyu ita ce fita daga gaɓar nan tun da wuri. Da zarar ganga da bas da amo sun kama juna, sai a miƙe su su cika minti shida ko bakwai, ko da abin bai yi kyau ba tukuna. Wata hanya da littafin DeSantis ya ambata ita ce a cika tsawon kiɗan duka da dukkan sautukan, sannan a bi ana cirewa, kamar masassaƙin da ke fidda turmi daga gungume: a nan a cire bas, a can a bar ganga ita kaɗai. Wata kuma ita ce a ɗauko kiɗan wani gwani a ƙirga awonsa, a ga inda ya shigo da bas da inda ya sassauta, a ari ƙwarangwal ɗin ba tare da an taɓa amonsa ba. A wannan fage ƙirga ba abin kunya ba ne, tunda DJ na bukatar awo 16 ko 32 na ganga kusan zalla a farko da ƙarshe don ya ɗaura wani kiɗa bisa wani. Amfanin miƙewar shi ne, wanda ke sauraren minti shida ba zai ji kiɗansa fiye da sau goma a awa ba.

Ta uku ita ce tsayar da na'ura. Gyare-gyare da yawa ido ke yin su: sa suna, matsar da gaɓa, share abin da ba a so. Babu dalilin barin kiɗa na juyawa alhali ba a tambaye shi kome ba. Kafin a danna maɓalli, mutum ya san abin da zai saurara: shin bas na danne ganga? Ya ji, ya samu amsa, ya tsayar.

Ta huɗu ita ce sauraren alƙali. A juye kiɗan ya zama fayil guda, a kashe allon kwamfuta ko a juya mishi baya, a ɗauki takarda da alƙalami, a saurara daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Ido na yaudarar kunne: wanda ke kallon allo yana ganin sauyi na tahowa, don haka ba ya jin tsawon jiran da mai rawa zai ji. Duk inda hankali ya tafi wani wuri, a rubuta mintin. Sannan a koma a gyara abin da ke kan takarda kawai, a rufe. Akwai kuma masu maida kowane sautin da suka gamsu da shi ya zama ɗaukakken sauti wanda ba ya sake taɓuwa, wato su maido ma kansu hukuncin kaset da gangan.

Ta biyar ita ce hutu da sassauta murya. Ma'aunin da injiniyoyi ke bayarwa mai sauƙi ne: in ba ka iya hira da na kusa da kai sai ka ɗaga murya, sautin ya yi yawa. A ƙure shi na ɗan lokaci don a ji yadda bas ke dukan ƙirji, a maido. Bayan kowace awa a fita waje, kuma hutun ya zama na shiru, kada a tashi daga lasifika a koma ga salula. Miksaj kuwa kada a yanke mishi hukunci a daren da aka yi shi. A bari ya kwana. Wanda ke da kiɗa uku ko huɗu a hannu yana juya su, kowanne na samun kwanakin da zai huce. Kuma kowane zama a ajiye shi da kwanan watansa, don sau da yawa na ranar Litinin ya fi na ranar Alhamis, in an taka shi kuwa ya tafi. In za a gwada aiki da kiɗan da ya riga ya fita kasuwa, a daidaita ƙarfin muryarsu tukuna. In ba haka ba wanda ya fi ƙara shi zai ci, ko da shi ne mummunan.

Kunnen aro

Duk da wannan tattali, akwai ranar da mai kiɗa ba zai ƙara jin aikinsa kamar baƙo ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. A nan sai a ari kunne. A Ditroit, tun kafin a haifi kiɗan techno a birnin, Berry Gordy, wanda ya kafa kamfanin Motown a 1959, yana tara ma'aikatansa kowace Juma'a da safe su saurari sababbin waƙoƙi su zaɓi wadda za ta fita, kuma injiniyoyinsa na gwada sauti da ƴar lasifika mai kama da ta rediyon mota, don a nan jama'a za su ji. A Jamaika, daga baya kuma a Landan, akan yanka faifai guda ɗaya tak na sabon kiɗa a ba DJ ya gwada shi a gaban jama'a kafin a buga na sayarwa. A Durban ta Afirka ta Kudu, inda kiɗan gqom ya taso a farkon shekarun 2010, motocin haya ne suka zama filin gwaji: kiɗan da direbobi ke so shi ke cika gari.

Labarin da ya fi shahara shi ne na "Acid Tracks". Samari uku na Shikago, ƙungiyar Phuture, sun sayi wata ƴar na'urar bas ta kamfanin Roland, TB-303, wadda ta fito a 1981 ta ƙi kasuwa. Suka murɗa maɓallanta ta fidda wani kuka da ba a taɓa ji ba, suka ɗauka a kaset suka kai ma Ron Hardy, DJ na gidan rawar Music Box. Kamar yadda ɗaya daga cikinsu, DJ Pierre, ya sha faɗa, da Hardy ya sa shi karo na farko sai fili ya watse. Ya sake sawa, ya sake, a karo na huɗu cikin daren nan jama'a suka rikice da rawa. Da aka zo buga shi a 1987, Marshall Jefferson, wanda ya kula da ɗaukar, ya ba da shawara a rage mishi sauri. Darasi biyu ke cikin labarin. Ƙin jin farko ba shi ne ƙarshen hukunci ba, in abin sabo ne ƙwarai. Amma kuma da samarin nan sun riƙe kaset ɗinsu a ɗaki suna ta gyara, ba za su taɓa sanin abin da ke hannunsu ba, gyaran da ya rage ma daga kunnen wani ya fito.

Samarinmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai masu wannan sana'a ba su rasa wurin gwaji ba. Jama'arsu a salula za su ji kiɗan, ko a rediyon taksi, ko a lasifikar biki da ta sha ƙura, don haka a irin waɗannan ya kamata a gwada shi, musamman a ji ko bas ɗin na fitowa a ƴar lasifikar salula ko ya ɓace. A kai shi fada lokacin shan shayi, a sa shi tsakanin kiɗan da aka saba ji, kada a ce na wane ne, kada kuma a tambayi kowa ra'ayinsa, don aboki ba ya son ɓata ma aboki rai. A dubi kawuna da ƙafafu, a lura da mintin da hira ta dawo. Ɗaukewar wutar lantarki ta lokacin zafi ma, da ke sa kowa tsaki, in an riga an ajiye aiki hutu ce ga kunne.

Abin da ya rage shi ne sa rana. Mai haɗa kiɗa ya ce ran kaza zan miƙa wannan aiki, ya faɗa ma wani don ya zama alkawari, in ranar ta zo ya miƙa ko da akwai ɗan abin da ke sukar sa a minti na huɗu. Abin da ya koya a wannan kiɗa sai ya kai shi cikin na gaba. In kuwa bayan zama ya ji kunnensa na ƙara kamar kukan gyare alhali ɗaki shiru, ya san ya wuce iyaka: ya rage murya, ya ba kunne kwana ɗaya ko biyu, in abin ya ƙi tafiya ya je ya ga likita tun da sauran gyara.